Satar Amsa Daga Aji Take Farawa: Yadda Malamai da Iyaye a Zamfara Za Su Toshe Ta

Yaron da aka kama da 'yar takarda cikin safa ranar jarrabawar Lissafi ya daɗe da yanke shawara. Tun yana SS 1 ya yanke ta, lokacin da malam ya cika allo, aji ya amsa da "mun gane", shi kuwa bai gane ba, kunya kuma ta hana shi ɗaga hannu. Darasi ya hau kan darasi, har ya zauna a kan magana guda: "Ni lissahi bai shiga kaina." Wanda ya gaskata haka game da kansa, sannan aka ce masa dole ya kawo kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ba ya ganin wata ƙofa sai ta sata.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2022 hukumar WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai 365,564 a Najeriya bisa zargin maguɗi, kusan kashi 23 cikin ɗari na waɗanda suka zauna. A 2024 adadin ya sauka zuwa 215,267, kusan kashi 12. Doka kuma ba ta yi sassauci ba. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21. Ta 1999, wadda ake aiki da ita, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ko duka biyun, malami ko firinsifal ko mai sa ido kuwa shekara huɗu babu zaɓin tara. Shekara arba'in ke nan ana tsoratarwa, ba a daina ba.

Wasu masana halayyar ɗalibai biyu a Amurka, Tamera Murdock da Eric Anderman, sun tattara binciken da aka yi kan wannan batu a 2006, suka ce tambaya uku ɗalibi ke yi wa kansa kafin ya saci amsa: me nake nema a wannan karatu, zan iya kuwa, kuma me zai same ni idan na yi. Makarantunmu sun tare a kan ta ukun, da bulala da kora da lalube a bakin ƙofa. Biyun farko su ne aikin malami da uwa da uba, kuma su wannan jagora ya fi mayar da hankali a kai.

Wace irin yarda da kai ake nufi

Ba ji-da-kai ba ne, ba kuma bakin cika ba. Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda ya fito da wannan bayani a 1977, yana nufin tabbacin da mutum ke da shi cewa wannan aikin da ke gabansa zai iya yin sa. Abin na tafiya ne darasi darasi. Yarinya na iya shiga jarrabawar Hausa ko ta Addinin Musulunci hankali kwance, a kawo Kimiyyar Sinadarai jikinta ya ɗauki rawa. Bandura ya ce daga wuri huɗu wannan tabbaci ke fitowa: nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa, ganin wani irinsa ya yi, maganar wanda ya yarda da shi, da kuma halin da jiki da zuciya ke ciki lokacin aikin. Na farko ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa huɗubar asambili ta "ku yarda da kanku, za ku iya" ba ta kai ko'ina. Yaro hujja yake so, kuma littafinsa ne kawai zai ba shi ita.

A Zamfara akwai dalilin da ya sa hujjar ta yi ƙaranci. An rufe makarantu a 2020 saboda korona. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Satumba kuma aka sake ɗiban wasu a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Ga iyalan da suka baro ƙauyuka suka koma Gusau, Ƙaura Namoda, Tsafe da Anka, 'ya'yansu suka shiga aji a tsakiyar zango. Ga shekarun da bashin hukumomin jarrabawa ya sa aka riƙe sakamakon yara, har na bayansu suka riƙa tambayar amfanin wahalar. Waɗanda ke sakandare yanzu, a firamare ko ƙaramar sakandare wannan guguwa ta same su, daidai lokacin da ake aza harsashi. Yaron da ya rasa zango biyu ko uku ba daƙiƙi ba ne, giɓi gare shi. Shi dai bai san bambancin ba, kuma sau da yawa malaminsa ma bai tsaya ya bambance ba.

A fara da gano inda giɓin yake

A mako biyu na farkon zango, a yi gwajin da ba ya shiga rifot. A faɗa wa yara haka ƙarara, a kuma cika alkawari: ba za a karanto makin kowa ba, ba duka, ba jera sunaye a allo. Idan suka ji ƙanshin hukunci za su kwafa, a tashi a tutar babu.

A Lissafi tambaya ashirin ta isa, a ɗebo su daga aji biyar na firamare zuwa JSS 3: jadawalin sau, rabawa mai saura, lissafin rabi da kwata da sulusi, lambobi masu ɗigo, kashi cikin ɗari, lambobin ƙasa da sifili, da nemo x a lissafi mai sauƙi. A Turanci a ba kowa sakin layi mai kalma kamar 150 ya karanta a bayyane, ya amsa tambaya biyar a kansa, ya rubuta jimla biyar da kansa. Karatun bayyane na cin lokaci a ajin da ya haura mutum tamanin, don haka a raba shi kwana huɗu ko biyar, a nemi taimakon fom masta da masu bautar ƙasa idan akwai su.

Ga wani ƙari da ke sa gwajin ya yi magana. A gefen kowace tambaya ɗalibi ya rubuta harafi ɗaya: T idan ya tabbata, S idan yana shakka, B idan bai sani ba. Da an duba takardun, ajin zai rabu gida huɗu. Akwai wanda ya tabbata kuma ya ci. Akwai wanda ya tabbata amma ya faɗi, wato ya koyi abin a karkace, kamar mai haɗa rabi da sulusi ya samu biyu bisa biyar saboda ya tara na sama ya tara na ƙasa. Akwai wanda bai sani ba ya kuma faɗi, shi koyarwa yake buƙata daga tushe. Sai na huɗu, wanda ya rubuta S ko B amma amsarsa daidai ce. A kula da wannan sosai. Shi ne ke goge amsarsa mai kyau a zauren jarrabawa ya kwafi ta maƙwabci marar kyau. Maganinsa ya fi na kowa sauƙi: a kira shi, a nuna masa takardarsa, a ce, "Duba nan. Bakwai ka ce kana shakka, shida daga ciki ka ci. Hannun wa ya rubuta?"

Ƙananan nasarori, kullum

Minti goma na farkon kowane darasi a ware su don tambaya biyar: biyu daga darasin jiya, biyu daga na makon jiya, ɗaya daga na watan jiya. Littafi a rufe. Idan an gama, malam ya warware a allo, kowa ya duba nasa da biro mai wani launi, ya rubuta makinsa a shafin ƙarshe na littafin rubutu tare da kwanan wata. Malami ba sai ya ɗauki littattafai gida ba. Ya zaga ya leƙa goma a rana, cikin mako biyu ya ga na kowa.

Ma'aunin shi ne yawancin aji su riƙa cin huɗu cikin biyar. Idan suna tsayawa a biyu, tambayoyin sun yi tsauri, kuma kullum ana ƙara tabbatar wa yaro cewa ba ya iyawa. Idan kowa na cin biyar, sun yi sauƙi, yara kuma sun san abin da aka ba su a ɓagas, ba ya ƙara musu komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da wannan maki cikin makin zango. Ranar da aka yi haka, ranar za a fara ganin biyar-biyar na ƙarya.

Wajen koyar da sabon abu, a sauko da shi ƙasa tukuna. Maimakon a fara da 3x + 500 = 5,000, a ce: an aike ka kasuwa, ka sayi mudu uku na gero, ka ba mai dako naira 500, duka ka kashe 5,000, nawa ne mudu? Yaron da ya rantse lissafi ba ya shiga kansa zai cire 500, ya raba 4,500 gida uku, ya ce 1,500 kafin malam ya juyo daga allo. Sai a nuna masa cewa abin da ya yi da ka shi ne aka rubuta da x. Daga nan a yi misali ɗaya cikakke, na biyu a bar musu layin ƙarshe, na uku a bar layi biyu, na huɗu a bar musu duka. Bayani da Hausa ba laifi ba ne, amma kada a tashi darasi sai an maimaita shi da Turanci, tunda da shi za a yi tambayar. A zauna musamman a kan kalmomin umarni da ake buɗe tambaya da su, wadda ke nufin a lissafo, wadda ke nufin a yi bayani, wadda ke nufin a kwatanta, wadda ke nufin a sauƙaƙa. Yara da yawa sun san amsa, abin da aka ce su yi ne ba su gane ba, sai su juya su ga me na kusa ke rubutawa.

Hanyar bitar da ta fi aiki kuwa, yaranmu sun riga sun san ta daga Islamiyya. Mai hadda yana rufe Mus'hafi ya karanto, a gyara masa, gobe ya dawo da na jiya, ranar muraja'a ya koma na baya. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Amma yaron da ya haddace izu goma, idan ya ɗauki littafin Bayoloji sai ya zuba masa ido har barci ya kwashe shi. A koya masa ya yi wa boko abin da yake yi wa hadda: ya karanta shafi biyu, ya rufe, ya rubuta abin da ya tuna, ya buɗe ya ga abin da ya tsere masa, ya koma kansa bayan kwana ɗaya, kwana uku, mako guda, da wata guda. Tsarin ake aro, ba wai a haddace lissafi ba tare da fahimta ba.

Abin da baki ke yi

A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yara 'yan firamare aiki, suka yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya, sun kuma fi ƙara wa makinsu ƙarya da aka ce su faɗa wa wasu yara. Darasin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye. Ba raunana kaɗai ke satar amsa ba. Wanda ya saba zuwa na ɗaya, aka laƙaba masa "haziƙin aji", yana da suna da zai kare, kuma ranar da ya ga tambayar da ta fi ƙarfinsa zai kare shi ta kowace hanya.

Don haka a yabi abin da aka gani: "Yau ka jera matakanka layi-layi, shi ya sa ka gano inda ka kauce." "Insha'inki na wancan mako jimla ɗaya ce doguwa, yau kin raba shi sakin layi huɗu." Yabon da ba shi da abin nunawa, yara na gane na fatar baki ne. Kalmomi irin su daƙiƙi da jaki kuwa a kawar da su daga aji baki ɗaya, domin yaro na ɗaukar su a matsayin hukuncin wanda ya sani.

Bulala a kan faɗuwa gwaji ita ce makarantar farko ta satar amsa. Malamin da ke yin bulala ɗaya kan kowace amsa marar kyau a aikin gida zai samu littattafai sittin masu amsa iri ɗaya, an kwafe su da sassafe a bayan aji. A hukunta rashin yin aikin idan ya kama. Kuskure a cikinsa kuwa shi ne abin da malami ke buƙatar gani. Haka karanto na ɗaya zuwa na ƙarshe a asambili: mutum uku yake faranta wa rai, ya koya wa sauran cewa matsayi ake nema ba sani ba.

Ganin wani ya yi ma yana da tasiri, muddin wanin ya yi kama da mai kallo. A gayyato tsofaffin ɗaliban makarantar da ke Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko Kwalejin Ilimi ta Maru. Kada a tsaya kan masu A1. Wanda ya faɗi Lissafi a zaman farko ya gyara a na biyu da C5 ya fi amfani ga yaran bayan aji, don a jikinsa suke ganin kansu. A cikin aji kuma a haɗa rukuni na mutum huɗu, mai ƙarfi ɗaya, matsakaita biyu, mai rauni ɗaya, da sharaɗin cewa malam ne zai zaɓi wanda zai fito allo. In ba haka ba mutum ɗaya zai yi aikin, uku su kwafa, a koma gidan jiya.

A nuna musu lissafin kiredit

Yawancin 'yan SS 3 ba su taɓa ganin yadda aka gina takardar da suke tsoro ba. Suna jin kamar sai sun san komai. A ɗauki darasi guda a zana musu a allo. Lissafin WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu awa biyu da rabi, maki 100: tambaya biyar na dole masu maki 40, sai takwas da za a zaɓi biyar masu maki 60. Kiredit mafi ƙanƙanta, C6, yana farawa ne daga kamar rabin maki. Wanda ya ci 30 a ta farko, 25 a na dole, 22 a na zaɓi, ya tara 77 cikin 150. Hukumar na da nata ma'aunin, tana kuma haɗawa da makin gwajin makaranta, amma wannan kiyasi ya isa ya nuna wa yaro cewa abin na kamuwa. A gaya musu kuma ana ba da maki a kan matakan aiki, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Mai kwafar amsa tsirara ba tare da matakai ba yana zubar da mafi yawan makin, yana kuma jawo wa takardarsa ido.

A Turanci insha'i na da maki 50, ana son kalma kamar 450, kuma an raba makin ne kan abin da aka faɗa, yadda aka tsara, yadda aka sarrafa harshe, da tsabtar rubutu daga kurakurai. Wasiƙa ɗaya a mako tun daga SS 2, malam ya gyara kuskure iri biyu kawai a kowace, ta fi tarin jan biro da ke sa yaro ya naɗe takarda ya cusa a jaka. Rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke wallafawa a shafinta na intanet yana faɗin inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kowane darasi. Kowane malamin SS ya kamata ya sauke na darasinsa a waya.

Me ake nema da karatun

Edward Deci da Richard Ryan sun bambanta himmar da ke fitowa daga son abin da wadda ke fitowa daga kwaɗayin lada ko tsoron hukunci. Wanda takarda kawai yake nema, kowace hanya ta kai shi gare ta daidai ce a wurinsa. Ba a sauya wannan da wa'azi kaɗai, ana sauya shi da nuna inda sanin zai yi aiki. Mai son aikin jinya a nuna mata cewa lissafin kashi cikin ɗari shi ne na auna magani. Mai son kasuwancin hatsi a ɗora masa lissafin riba da faɗuwa a kan buhun wake.

A kuma faɗa musu gaskiyar inda takardar sata ke ƙarewa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, da dangwala yatsa a bakin ƙofa. Mai A1 na sata da ya kasa haɗa 150 cikin 400 ya ga iyakarsa. WAEC ma a 2025 ta fara sauya jerin tambayoyin zaɓi daga ɗalibi zuwa ɗalibi a wasu darussa, ciki har da Turanci da Lissafi, ta yadda lamba ta bakwai a takardarka ba ita ce ta maƙwabcinka ba. Masu sayar da ekspo, wato tambayoyin da suke cewa sun fita kafin jarrabawa, a WhatsApp da Telegram kuwa, sau da yawa tambayoyin wata shekara suke turowa, yaro ya kwana yana haddace abin da ba zai fito ba, ya shiga zaure da jajayen idanu.

Malaman addini na da gurbi a nan. Hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu, ya zo ne a kan mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, kuma yara na gane alaƙarsa da takardar da ba ta nuna abin da ke kan mai ita. Sai dai yaron da aka ce masa haramun ne ba a nuna masa hanyar halal ba, yakan yi satar ne yana jin nauyi a zuciya, ba ya fasawa.

Rabon iyaye

"In ba ka ci ba, ba ni da kuɗin sake biya." "In kin faɗi, aure za a yi miki." Iyaye na faɗin haka don yaro ya dage, amma abin da yake ji shi ne dama ɗaya ce tak, faɗuwa kuma halaka ce. A sanar da shi cewa akwai NECO bayan WAEC, akwai jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, akwai NABTEB ga masu layin sana'a da NBAIS ga masu Larabci, kuma manyan makarantu da yawa na karɓar sakamakon zama biyu, ban da wasu kwasa-kwasai irin su likitanci a wasu jami'o'i. Wanda ya san akwai ƙofa ta biyu ya fi natsuwa a ta farko.

Abin da gida zai bayar ba shi da tsada: awa ɗaya da rabi bayan Isha ba aike ba talla, fitila mai caji, da sassauta aikin gona a watannin jarrabawa, tunda NECO na faɗowa ne daidai lokacin shuka da noman farko. Uwar da ba ta yi boko ba ma na iya cewa, "Ɗiyata, rufe littafin ki gaya mini da Hausa mi kika koyo yau." Wannan ita ce bitar da aka bayyana a sama. Tambayar "na nawa ka zo?" a maye ta da "me ka iya yanzu wanda ba ka iya ba a wancan zango?" Uban da ya cire ɗansa a SS 3 ya kai shi mirakul santa, wato cibiyar da ake ba ɗalibai amsa, a wani gari ya gaya masa, da kuɗinsa, cewa shi ma bai yarda zai iya ba. Idan aka janye wa cibiyar izini ko aka soke sakamakonta, kuɗi da shekara duk sun tafi.

Jarrabawar gwaji ta gaskiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi mok sau biyu, ƙarshen SS 2 da kuma Janairu ko Fabrairu na SS 3, da tsawon lokaci da tsarin zama irin na ainihin jarrabawa: tazara tsakanin kujeru, takarda iri biyu da aka sauya jerin tambayoyinsu, waya a waje, malamin darasin kuma ba shi zai sa ido ba. Sakamakon farko zai yi muni, kuma nan ne makarantu ke karaya su sassauta. Kada a sassauta. A mayar wa kowa takardarsa cikin mako biyu, ya fitar da batutuwa uku da suka fi ci masa maki, su zama aikinsa na wata mai zuwa.

Mok na kuma horar da jiki. WAEC na zuwa ne cikin zafin bazara, yara da yawa na shiga da yunwa da rashin barci. A saba musu da barcin awa bakwai, karin kumallo, gorar ruwa, addu'a, jan numfashi a hankali sau biyar, da karanta takarda duka kafin a fara da tambayar da ta fi sauƙi. A gaya musu bugun zuciya a mintunan farko kowa na ji, ba alamar faɗuwa ba ce.

Mafi wuya a duk wannan aiki manya ne. Binciken Donald McCabe ya daɗe da nuna cewa ganin abokai na yi yana cikin abubuwan da suka fi ingiza ɗalibi ga maguɗi. Idan monita na zagawa yana karɓar kuɗin "gyara" mai sa ido, ko malami ya shigo ya rubuta amsa a allo, an gaya wa yaron da ya yi karatu cewa wahalar banza ya sha. Muddin yawan waɗanda suka ci ne kawai ma'aunin firinsifal da malami, jarabar ba za ta tafi ba. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta su zauna tun zangon farko su rubuta cewa ba za a karɓi ko sisi ba bayan kuɗin rajista, a karanta wa ɗalibai, su kuma shirya wa yiwuwar sakamakon shekarar farko ya sauka.

Idan an kama yaro a jarrabawar makaranta

A karɓe takardar cikin natsuwa, a bar shi ya ƙarasa a sabuwa, a yi maganar bayan an tashi, a ofis, da shaida ɗaya. Sifili a wannan takarda ya zama dole, kuma a yi wa ɗan kowa iri ɗaya, ko ɗan malami ne ko ɗan mai gari. Tsayar da shi gaban asambili ana yi masa ihu ba ya ƙara komai sai laƙabi, wanda aka laƙaba wa ɓarawo kuma ba shi da sauran abin karewa.

Sai a tambaye shi: "Wace tambaya ce ka ji ba ka iyawa?" A ajiye 'yar takardar da ya shigo da ita a teburi a karanta tare, domin jerin abubuwan da yake tsoro ne da hannunsa ya rubuta. Idan ƙa'idojin lissafi ne, a ba shi mako biyu da abokin karatu ya koye su. Idan ma'anonin Bayoloji ne, a sa shi bitar rufe littafi. A kira mahaifi ko mai riƙonsa a nuna masa tsarin, a roƙe shi kada ya ƙara da duka a gida. Bayan mako biyun a zaunar da yaron shi kaɗai gaban malam, a ba shi sababbin tambayoyi goma a kan batutuwan nan, a duba nan take yana kallo, a rubuta makin a shafin ƙarshe na littafinsa kusa da sifilin, da kwanan wata.